Miyar Zaƙami

A bayan ɗakin Kaka, a gidanmu na Rawayau, akwai zaƙami guda ɗaya da ba ta yarda a cire. Fuka ke damunta. In ƙirjinta ya toshe, sai ta ƙona busasshen ganyensa a kasko ta shaƙi hayaƙin, numfashi ya dawo mata.

Wata rana da la'asar ni da ƙanwata Hauwa muna wasan girki a gindinsa. Ni ce uwa. Na fasa ɗan zaƙamin nan mai ƙaya, na zuba ƙwayoyin a sakaina, na ce miya ce.

Mun jima muna wasa kafin Kaka ta fito ta ga sakainar. Ba ta yi faɗa ba. Ta kama haɓata, ta juya fuskata wajen rana, ta leƙa idanuna, ta sake ni. Sannan ta kama Hauwa. Baƙin idonta ya buɗe sosai, hasken rana ma bai sa ya tsuke ba. Leɓenta ya bushe, tana ta miƙa hannu tana kamun wani abu a iska.

"Guda nawa ta ci?" in ji Kaka, a hankali.

Na ce ban sani ba.

"Je ki gona ki kira babanku. Ya taho da jaki, asibitin Kurfi za a kai ta."

Kwana biyu Hauwa ba ta gane kowa ba, sannan ta dawo hayyacinta. Yau har jikoki gare ta.

Amma na sani. Guda goma ne. Da hannuna na ba ta, ɗaya bayan ɗaya, ina cewa, "Ci, 'yata."