Jan Ɗigo a Kusurwar Hagu

Duk kyamarar da ta shigo shagon Mai Gyara, ko batir kawai aka zo canzawa, sai ya rufe mata gilashi ya ɗauki hoton duhu. Ya buɗe a kwamfuta, ya ƙura wa kusurwar sama ta hagu ido, sannan ya fara aiki. Abokan ciniki sun ɗauka tsabar ƙwarewa ce.

Jan ɗigo yake nema.

Tun ranar da aka sace 'yarsa Auta a hanyar makaranta, hoto ɗaya ɓarayin suka aiko. Tana zaune jikin bango mai duhu, ta karkatar da kai gefe, babu ko alamar tsoro a idonta. Maƙwabta suka ce Allah ne ya sanya mata natsuwa. An biya abin da suka nema. Ba ta dawo ba.

Shi kuwa da idon sana'a ya karanta hoton. Yadda bangon da ke bayanta ya narke, fuskar ta fito tas, ba aikin waya ba ne. Aikin kyamara ne mai babbar sensa, wato farantin nan na ciki da ke kama haske. Kuma sensar tana da tabo: jan ɗigo, da siririn layi a ƙarƙashinsa. Irin wannan tabo ba ya gogewa, yana bin kowane hoto. Da ya kai wa 'yan sanda wannan bayani, suka saurare shi da ladabi, suka raka shi ƙofa.

Mutum ɗaya ne bai taɓa ce masa ya haƙura ba, ƙaninsa mai ɗaukar hoton biki. Da ana haɗa kuɗin fansa, shi ya fara kwasar kayan aikinsa ya kai wata kasuwa mai nisa ya karyar. Har da babbar kyamarar da Mai Gyara ya zaɓa masa da kansa, wadda ya taɓa ɗaure mata murfin batir da sukurun tagulla na tsohon agogonsa. Wanda ya san harkar ya san wannan asara ba ta wasa ba ce. Gilasan da ka yi shekaru kana tarawa ba sa shiga bakin kyamarar wani kamfani, in ka sauya ka koma farko ke nan. Daga baya ƙanin ya sayi wata 'yar ƙarama mai ƙaramar sensa, yana lallaɓawa da ita.

"Ka kashe sana'arka saboda ni," in ji Mai Gyara.

"Haba Yaya, Auta ai 'yata ce. Wa ya koya mata tsayuwar hoto in ba ni ba?"

Duk lokacin da ya tuna wannan magana, sai ƙwalla ta cika masa ido.

Wata rana da hantsi wata mata ta shigo da kyamarar da ta saya a hannun dillalin tsofaffin kaya, tana so a share mata ƙura. Mai babbar sensa ce. Ya rufe gilashin, ya danna, ya buɗe hoton.

Jan ɗigo. Siririn layi a ƙarƙashinsa.

Ya jera shi da hoton Auta, ɗigon ya hau kan ɗigon.

"Malam, lafiya?" matar ta tambaya.

Ya ɗauki waya ya kira ƙaninsa, don shi kaɗai zai gane girman wannan rana.

"Na same ta! Kyamarar tana hannuna. Zo maza mu bi sawun dillalin."

Sai kawai aka kashe wayar.

Mai Gyara ya ɗauka layi ne ya yanke. Ya juya kyamarar don ya duba lambar jikinta, sai babban yatsansa ya sauka a kan murfin batir, daidai kan sukurun tagulla na tsohon agogonsa.