Likitan da Ya Tsallake Sashen Ƙoda

An yi wani likita mai kaifin kai da sanyin hali, yana horon ƙwarewa a wani asibitin koyarwa. Yadda ake horon, zagawa ake yi da mutum sashe-sashe, ya zauna ƙarƙashin manya, ya gani da ido, ya taɓa da hannu. Da layi ya zo kansa na zuwa sashen ƙoda, sai ya tsaya ya auna. Sashen yana wani gari mai nisa, matarsa ba ta daɗe da haihuwa ba, asibitin garinsu kuwa, inda zai koma aiki, ko na'urar wankin ƙoda babu. Me zai yi da ilimin da ba wurin amfani da shi? Ya roƙi wata abokiyar karatunsa ta karɓi gurbin, ta karɓa. Da aka sake buɗe gurbin ya ce sai baɗi. Baɗi ta zo ta wuce. Ya haddace littattafai, ya ci jarrabawa, ya koma gida, jama'a na sa masa albarka, don ba ya wasa da marar lafiya.

Shekaru suka ja, sai aka turo wa asibitin garinsu na'urar wankin ƙoda sabuwa fil. Aka kafa ta, aka haɗa mata ruwa da wuta, aka ce masu koyarwa na nan tafe. Ba su kai ga zuwa ba, wata safiya da damina aka kawo wata mai jego daga ƙauye. Ta zubar da jini da yawa wajen haihuwa, fitsari ya ɗauke, fuska da ƙafafu sun kumbura. Yana duba ta ya gane ciwon: irin wanda in aka wanke jinin 'yan lokuta, ƙodar kan farfaɗo. Ga na'ura a ɗaki na gaba. Amma kafin a jona ta sai an zura siririn bututu cikin babbar jijiyar wuya, dab da huhu, shi kuwa hannunsa bai taɓa yi ba. Ya kira abokiyar karatun nan tasa, wadda yanzu take riƙe da sashen ƙoda a birni. Ta saurare shi har ya gama, ta ce, "Likita, wannan ba a koyonsa ta waya. Turo mini ita yanzu." Da shi aka kama aka sa ta a motar asibiti. Ruwa ya ci gada, sai da suka zagaya, kafin su shiga birni rai ya yi halinsa.

Bayan sadakar uku mijin ya zo har ofis ya yi masa godiya, ya ce kwana ne ya ƙare. Likitan ya ce haka ne, kuma ya yarda haka ne, amma ya kasa haɗa ido da shi. A makon ya nemi gurbin horo, ya je ya tsaya da furfurarsa cikin ƙannen bayansa, yana koyon riƙon allura.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.