Baƙon da Ya Tsaya a Ƙofar Jagora

Tunda bana kai aka ɗora wa nauyin karɓar sababbin ɗalibai, zauna in ba ka wani misali, ba don na taɓa ganin misali ya hana mutum abin da ya yi niyya ba.

A wata kwalejin horon malamai an yi ƙungiyar ɗalibai 'yan yanki ɗaya, mutum sittin da 'yan kai, masu kiran juna 'yan'uwa. Suna da hula iri ɗaya, da hatimi, da kundin dokoki wanda ya fi wasu littattafan karatunsu kauri. Duk mai son shiga sai ya yi mako uku a hannun wanda suke kira Jagora. A cikin makonnin nan ba shi da suna sai Baƙo, ko da kuwa bayan gidansu ɗaya da Jagoran. Zai haddace sunayen waɗanda suka kafa ƙungiya, ba zai fita daga makaranta ba sai da izini, kuma ba zai yi wa na gaba da shi magana ba sai an fara yi masa. Wai ladabi ake koya masa. Jagoran wannan shekarar ba mugu ba ne. Mutum ne dai da aka taɓa shanyawa a rana, daga baya ya yanke wa kansa hukuncin cewa ranar ta amfane shi. A cikin baƙinsa akwai wani magidanci mai sanyin hali, wanda ya yi shekaru yana koyarwa a firamaren ƙauyensu kafin ya zo ƙaro karatu. Shi ne ya fi kowa riƙe darasi, har Jagora ya fara buga misali da shi, yana lissafin ranar da zai aza masa hula da hannunsa.

Wata Talata da hantsi Jagora ya fito daga ɗakinsa ya tarar da mutumin tsaye a bakin ƙofa, hannuwa a baya, ido a ƙasa. Sai ya ce a ransa, bari mu ga iyakar haƙurinsa. Ya wuce shi ya tafi aji. Ya dawo ya same shi inda ya bar shi, inuwar ginin ta janye ta bar shi a fili, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya lura leɓen mutumin na motsi kamar mai son furta wani abu, ya kuma lura bai furta ba, abin ya yi masa daɗi ƙwarai. Ya shiga ɗaki ya ci abinci. Da aka kira azahar ya leƙo, babu kowa. Washegari ma babu shi a darasi, haka jibi. Jagora ya rubuta a gaban sunansa cewa ya fita ba izini, ya ji takaici irin na manomin da shukarsa mafi kyau ta kwanta. Bai aika ɗakinsa a duba ba, domin babba ba ya bin baƙo. Wannan ma yana cikin kundi.

Bayan kwana takwas ya gan shi a bakin famfo yana wanke kwano. Ya tsaya, ya gyara murya, ya ba shi izinin magana, ya tambaye shi inda ya shiga.

"Allah ya yi wa mahaifina rasuwa ran Talata da asuba, Yaya. Abin da na zo faɗa maka ke nan."

Jagora ya yi salati, ya yi masa gaisuwa, sannan ya tambaya ko ya sami jana'iza. Mutumin ya ce an jira shi har la'asar, da motarsu ta isa sai ya tarar ana dawowa daga maƙabarta. Ya faɗi haka yana ci gaba da cuɗa kwanon. Ya ce abokin ɗakinsa ne ya raka shi, wani ɗan kudu da ba ya cikin ƙungiya, Hausarsa ma ba ta wuce ta gaisuwa ba. Ɗan kudun ya zauna a kan tabarmar makoki kwana uku, duk wanda ya shigo ya ce masa amin.

A ranar ƙungiya ta yi taron gaggawa. Aka gyara doka, aka ƙara mata sakin layi a kan rasuwa. Aka tsara takardar ta'aziyya mai kyau, aka ɗan yi gardama a kan wanda zai fara sa hannu, aka buga hatimi. Jagora ya kai masa da kansa, tare da albishir cewa an yafe masa sauran horo, ya zo ran Asabar kawai ya karɓi hula. Mutumin ya karɓi takardar da hannu biyu, ya yi godiya, ya ninke ta ya sa a aljihu.

"Inna ta tambaye ni," in ji shi, "'yan'uwan nan sittin da nake ba ta labari, ko wannan bawan Allah da ya zo shi suka wakilta. Na ce mata e. Ka ga, Yaya, in na sa hular nan na je gida, sai na sake yi mata wata ƙaryar."

Ran Asabar aka yi shimfiɗa, aka dafa shinkafa, Jagora ya kira sunan mutumin, karo na farko da ya kira shi da sunansa na yanka. Ya sake kira. Daga nan ya wuce ga na gaba. An ce bikin ya yi kyau.

Shi ya sa Bahaushe bai wahalar da kansa wajen rubuta kundi ba, ya ce: zumunta a ƙafa take.