Hayaƙin Injin Awaisu

Kai Bukari, bakinka ba ya gajiya ne? Ina ruwanka da abin da ya hana Wahabu gaisawa da Hadija? Ɗan kirki ba ya tono gabar manya. To tunda ka tono, zauna, kuma kada wanda ya katse ni.

Awaisu, mijin Hadija, jirgin fito gare shi a kogin Oti, can gaba da Korbongou. Shi ke ƙetarar da 'yan kasuwar Dapaong da damina. Injinsa tsoho ne, irin na da, in ya tashi sai shuɗin hayaƙi ya bi bayansa kamar an hura ɗanyen itace. Hadija kuwa tana bakin kogi da teburinta, tana sayar da esansi, wato fetur, a kwalabe. Kullum ita ke cika wa mijinta bido, jarkar man injinsa.

Awaisu ya rasu ya bar ta da yara uku. Tana cikin takaba wansa Wahabu ya iso daga nan Sokodé. Mai ba da hayar sababbin moto ne, wato babura, bai taɓa riƙe jirgi ba. Ya ce mace ba ta riƙe inji, marayu kuma ba su isa ba, shi zai riƙe musu. An ba kura ajiyar nama ke nan. Ko tiyar masara ba ta ƙara shiga gidan daga jirgin nan ba.

Hadija ta kai kuka gaban dattawan zango. Suka ce ta yi haƙuri. Ta koma teburinta, ta ci gaba da cika wa Wahabu bido.

Hayaƙin ne ya ishe shi. Ga tari, ga jan ido, ga farar rigarsa tana wari. Matan kasuwa suka sa masa suna Mai Banda. Shi da motonsa ba sa hayaƙi! Ran nan ya tsiyayi esansin bidon a tafin hannu, ya ga ya fi na kwalabe duhu.

Ranar kasuwa, a gaban jama'a, ya sa ƙafa ya ture teburinta.

"Munafuka! Me kike zuba mini a ciki? Kananzir ko asiri?"

"Abin da nake ba ƙaninka shi nake ba ka, Yaya."

"Shi ya sa tari ya kashe shi! Daga yau a gabana za ki zuba, daga kwalba zuwa bido, ba gaurayen komai."

"Ɗaga murya, Yaya, jama'a su ji."

Ya maimaita da ƙarfi, har da rantsuwa. Sauran masu jirgi suka sunkuyar da kai. Hadija ta tsince kwalaben da ba su fashe ba, ta juye masa zallan esansi, tas kamar hawaye.

Ranar bai ɗauki mutane ba, buhunan shinkafarsa ya loda. Ya ja igiya, inji ya tashi, hayaƙi ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Wahabu ya miƙe cikin jirgi yana ɗaga wa na tudu hannu, su ga abin da namiji ya gyara.

A tsakiyar ruwa injin ya yi ƙara, ya yi tsit. Ya ja igiya, ko motsi. Ruwa ya juya jirgin, ya maka shi da wata bishiya, shinkafa ta bi kogi. Masunta suka ciro shi rungume da reshe, ba hula ba takalmi.

Ya kai ƙarar Hadija wurin jandarma. Kasuwa guda ta ba da shaida cewa abin da ya nema shi aka ba shi. Aka kira Karimu bakanike ya buɗe injin.

"Irin wannan ba shi da ma'ajin baƙin mai daban kamar moto," in ji Karimu. "A cikin esansi yake shan mansa. Hayaƙin nan shi ne ransa. Fistan ya ƙone, kuma irinsa ba a samu a Dapaong."

Wahabu ya sa aka ja injin a ƙasa har ƙofar Hadija, ya ce a gaban dattawa, "Ga gadon 'ya'yanki nan, ki dafa musu. Ni da shi har abada." Ya kama hanyar Sokodé.

Ba a kai wata kasuwar ba aka ga shuɗin hayaƙi yana ƙetare kogi, ƙanin Hadija na riƙe da jirgi, marayu suna cin abincin ubansu. Mutane suka ce ikon Allah.

Ikon Allah ne, ba shakka. Amma sabon fistan ɗin a kasuwar nan tamu aka sayo shi, kuma yana naɗe a ƙasan kwallar Hadija tun ranar da ta fita takaba. Ku rufe bakunan nan, ku tashi ku kwanta.