Jan Zaren Uwani

Tun a layi jikina ya ba ni ba za mu koma gida lafiya ba. Yanzu sai Ƙungiyar Masana'antun Roba ta gwada jinin yaro kafin a ɗauke shi makaranta. Na kai 'yata Uwani.

Mai gwajin ta dubi na'ura, ta dube ni.

"Baban Uwani, a leda kuke dafa alale?"

"Mu ma a leda aka dafa mana."

"Ledar yanzu daban ce, tana shiga jini."

Ta ɗaura wa Uwani jan zare a hannu. Yarinya sai murna take, wai ta samu awarwaro. Masu jan zare motar ƙungiya ke kwashewa ranar Litinin, wai za a yi musu magani. Yaran unguwarmu huɗu da ta kwasa bara, har yau ba mu san ranar dawowarsu ba.