Kafinta da Kejin Hawainiya

Tunda ka ce surutun mutane ne zai sa ka bar sana'ar da ka fara, Hashimu, gyara zama ka ji wani misali.

An yi wani kafinta a wani gari da ke bakin fadama, wanda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar. Hannunsa na hagu ya mutu, ƙafa kuma sai ja. Ya rufe shago, zarto da guduma suka yi tsatsa a ƙarƙashin gado. Da farko ana zuwa dubiya, daga baya aka rage, har aka daina. Wata rana yana jan ƙafa a bayan gida, ya tarar da maƙwabta suna sassabe shinge, sun kewaye wata hawainiya da ta faɗo, ɗaya ya ɗaga fartanya zai sare ta. Kafintan ya sa sandarsa a tsakani. Aka ce masa ya matsa, ai tofinta yana ɓata fata, kuma gidan da ta shiga ba ya ganin alheri.  Ya miƙa wa hawainiyar sandar, ta hau a hankali, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ya juya da ita gida. Ana ta dariya a bayansa, wani har ya ce mai tafiyar hawainiya ya samu 'yar'uwarsa.

Ya fito da kayan aikinsa, ya ƙera mata akwati na katako irin na tantabaru, ya sa mata ruwa a kasko. Ba ta ci ba, ba ta sha ba, ta lafe a kusurwa ta yi baƙi ƙirin. Unguwa ta ɗauka cewa fushi take yi, tana shirin tsine wa gidan. Shi kuwa ya zauna yana kallonta. Ranar da aka yi yayyafi ya fito da ita kan wata 'yar gwaiba da ke tsakar gidansa, sai ya ga ta nufi can sama, tana lasar ɗigon ruwa daga ganye. Nan ya gane akwatin ne bai yi ba. Ya ɓalle shi katako-katako. Ya zana sabon fasali a ƙasa da bakin sanda, ya share, ya sake zanawa. Keji zai yi wanda ya fi mutum tsayi, ya kewaye gwaibar da shi tana nan a dashenta, ragar waya ta kowane gefe don iska ta ratsa, rassa a gicciye don hawa, rabin rufin zana don inuwa, rabi a buɗe don hantsi, da gwangwani mai 'yar huda a sama yana ɗiga ruwa kan ganye. Aikin da a da zai gama kafin azahar, sai da damina ta wuce yana kansa. Yana danne katako da gwiwa, yana cusa ƙusa tsakanin yatsun mataccen hannun, ya buga. Sau da yawa ƙusar ta faɗi. Wata safiya guduma ta kuskure ta sauka a kan babban yatsansa na hagu, ya ji zafi har cikin kansa. Matarsa ta fito da gudu ta same shi yana dariya, jini na zuba, domin rabon da hannun nan ya ji wani abu tun ranar da ya faɗi.

Kafin ya sa ƙofar kejin, yayansa ya zo da mai unguwa. Yayan ya ce in kiwo yake so, za a haɗa masa kaji ko tantabaru kamar kowa, amma wannan abar ko dai ta fita, ko dangi su ɗauke ƙafa daga gidan. Kafintan bai ajiye guduma ba. Ya ce, "Yaya, Allah ya ba ka haƙuri. Ƙafar da za ku ɗauke, tun ina kwance kuka ɗauke ta. Wannan ce ta tashe ni, kuma tana nan daram. Ranka ya daɗe mai unguwa, in ta taɓa ɗan wani ko akuyar wani, a kai ni gaban alƙali." Ya buga ƙusarsa ta gaba. Suka fita ba sallama.

Ya gama kejin, hawainiya ta hau reshen sama ta koma kore shar, tana harbo fara da harshenta. Hannun bai warke duka ba, amma ya iya riƙe katako, har ya sake buɗe shago. Aka ba shi shawara ya ɓoye kejin a bayan gida don kada masu kawo aiki su gudu. Sai ya fasa katangar zauren, ya buɗe ƙofar shagon daidai saitin kejin, duk mai son taga ko kujera sai ya tsaya gaban hawainiyar su yi ciniki. Wasu ba su ƙara zuwa ba har ya bar duniya, bai kuwa taɓa aika musu ba.

Shi ya sa magabata suka ce: kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura.