Shekarar Ayashe

Tunda kin ce tsoro ya hana ki sakin jiki da jaririnki, bari in ba ki misalin wata mai ginin tukwane da aka yi a wani ƙauye na bakin gulbi. Sau uku tana haihuwa, sau uku ana ɗauke mata a tabarma, babu ɗaya da ya kai shekara. Na fari zazzaɓin damina ya tafi da shi, na biyu gudawar haƙori, na uku kuwa da hantsi yana wasa, kafin la'asar an yi masa sutura. Da ta haifi ta huɗu, mace, ranar cika-ciki, sai ta juya fuska ga bango ta ƙudurta a ranta cewa wannan karon ba za ta sa rai ba, in ya so ranar da aka zo ɗauka ba za a ɗauke da zuciyarta ba. Aka raɗa wa yarinya suna Safara'u, tsofaffi suka riƙa kiranta Ayashe, irin sunan da ake ba ɗan wabi don a nuna kamar ba a so. Su a baki suke faɗa, ita uwar ta riƙe shi da gaske. Ranar da ta gama wankan jego, a gaban mata ta miƙa jaririyar ga yayar mijinta, wadda ke zaune a gidan tun rasuwar nata mijin, ta ce, "Yaya, ga 'yarki, na ba ki." Ta koma kan yumɓunta. In an kawo yarinya shan nono sai ta ba ta tana kallon randunan da ke shan iska, ta ƙoshi ta mayar. Ba ta goya ta ba, ba ta yi mata tawai ba, ba ta taɓa yarda hancinta ya kai ƙeyar yarinyar ba, don ta san wannan ƙanshin, shi ya karya ta har sau uku. Sai dai kunne ba shi da murfi. Ko tari ɗaya Ayashe ta yi a bayan zana, hannun uwar sai ya karkace, bakin tulu ya lotsa. Haka ta yi wata goma sha biyu tana jiran ranar.

Ranar ba ta zo ba. Cika-ciki ya zagayo, gwaggon yarinya ta sa aka yanka zakara, ta tuƙa tuwo, maƙwabta suka shigo suna cewa yau Ayashe ta shekara, Allah ya raya. Hira ta ɓarke, kowa na kawo nata. Wannan ta tuna ranar da haƙorin fari ya tsago, waccan ta tuna yadda yarinya ta ƙyalƙyale da dariya da akuya ta yi atishawa, gwaggo ta ba da labarin ranar da ta fara rarrafe aka tsince ta cikin kwandon gyaɗa. Uwar na gefe tana lalube a ranta ko za ta sami abu ɗaya da za ta ce. Ta bi shekarar nan wata-wata, ba ta tsinci komai ba sai tari, da zafin jiki, da yawan tulunan da ta ɓata. Ko wace ƙafa ce ke da tawadar Allah, sai a bakin mata ta ji. Ta tashi ta wanke yumɓun hannunta har gwiwa, ta durƙusa a tsakar gida, ta buɗe hannu biyu, ta kira sunan da ba ta taɓa furtawa ba: "Safara'u, taho." Yarinya ta tsaya dafe da turmi, ta yi mata irin kallon da ake yi wa baƙo. Sai ta saki turmin, ta yi taku uku tana tangaɗi, ta faɗa jikin gwaggonta ta cusa fuska cikin zane. Mata suka yi guɗa don taku ya fara. Babu wadda ta lura da hannun da ya rage a buɗe.

Da la'asar mijinta ya same ta a rumfa ya gaya mata cewa yayarsa za ta sake aure a wani gari mai nisa, kuma in an yaye yarinya da ita za ta tafi. Ta buɗe baki, ya riga ta: "Ai ke kika ba ta, kuma ita ta sha wahalarta." Gaskiya kuwa ya faɗa. Ta zauna tana tuna ukun da suka rasu. Su dai ta san nauyin kowanne a bayanta, ta san kukansu da dariyarsu, kuma har gobe nata ne, babu mai ƙwace mata. Wannan ga ta da rai da lafiya, amma ko kwana ɗaya na cikin shekararta ba ta mallaka ba. Watannin da suka rage ta yi ta lallashi, da waƙa da ƙosai da 'yan tukwanen wasa da ta gina mata. Yarinya takan karɓa, ta kai wa gwaggo. Ranar tafiya uwar ta raka su har bakin gulbi, aka shiga kwalekwale, Ayashe na goye tana wasa da ɗankunnen gwaggonta, ba ta waiwayo ba.

Shi ya sa masu iya magana suka ce: an yi gudun gara, an faɗa gidan zago.